Syunik, lardin kudancin Armeniya: yadda duwatsu suka tsara masa garuruwa da tarihi da hanya

Mai tambaya ya ce yana yawan jin sunan Syunik, wani lokaci kuma Zangezur, a labaran rikicin Armeniya da Azarbaijan. Yana son sanin yadda ƙasar wurin take, su wa ke zaune a cikinta, da dalilin da ya sa Iran da Rasha da Turkiyya da Amurka duk suka zuba wa wannan ɗan yanki ido.

Ka fara da ɗauko taswira mai nuna tudu da kwari, domin taswirar iyakoki kaɗai za ta yaudare ka. Syunik shi ne lardin da ke can ƙarshen kudancin Armeniya, faɗinsa murabba'in kilomita 4,506, wato kusan kashi 15 cikin ɗari na ƙasar. Daga gabas Azarbaijan ce. Daga yamma kuma Nakhchivan ce, wadda ita ma yankin Azarbaijan ce amma ba ta haɗe da uwar ƙasar. Daga kudu kogin Aras ne ya raba shi da Iran, iyakar da tsawonta bai wuce kilomita 44 ba. Ta arewa kaɗai yake manne da sauran Armeniya, ta lardin Vayots Dzor. A wasu wuraren faɗin lardin daga gabas zuwa yamma bai kai kilomita 40 ba. Wanda ya tsaya a kan wannan zai ce ai siririn wuya ne da za a tsallake cikin sa'a guda. To, a nan kuskuren yake.

Jerin tsaunukan Zangezur ya miƙe daga arewa zuwa kudu a gefen yamma, ya zama katanga tsakanin lardin da Nakhchivan. Ƙololuwarsa, Kaputjugh, ta haura mita 3,900, kuma a duk Armeniya tsaunin Aragats ne kawai ya fi ta tsawo. Daga jikin wannan katanga wasu jerin tsaunuka suka ɓalle suka nufi gabas kamar haƙarƙari daga ƙashin baya: akwai Bargushat, akwai jerin Meghri, akwai Khustup mai mita 3,200 da ke tsaye a kan garin Kapan. Tsakanin kowane haƙarƙari da ɗan'uwansa akwai kogi da ya yanka kwazazzabo mai zurfi. Vorotan ne a arewa, Voghji a tsakiya, ƙaramin kogin Meghri a kudu. Vorotan da Voghji duka sun karkata gabas, sun fita daga Armeniya, sun shiga ƙasar Azarbaijan kafin ruwansu ya kai Aras.

Wannan shi ne mabuɗin komai. Ruwa yana tafiya daga yamma zuwa gabas, amma ƙasar Armeniya tana bukatar tafiya daga arewa zuwa kudu. Duk wanda zai ratsa Syunik daga Yerevan, babban birnin Armeniya, zuwa Iran dole ya yi ta hawan tsauni yana gangarawa kwari, ya sake hawa, ya sake gangarawa. Hanya mai sauƙi ita ce ta bin bakin kogi, ita kuwa tana kai mutum ƙasar maƙwabci. A zamanin Tarayyar Sobiyet ba wanda ya damu da haka, tunda duk ƙasa ɗaya ce, injiniyoyi suka shimfiɗa titi da layin dogo a inda ƙasa ta fi sauƙi. Jirgin ƙasan da ke zuwa Kapan ta Azarbaijan yake bi. Da iyakar ta zama ta gaske, sai wannan sauƙin ya koma tarko.

Saboda haka lardin a zahiri ɗakuna huɗu ne, kowanne da ƙofarsa, kuma kafin a haɗe su lardi ɗaya a 1995 gundumomi huɗu ne daban: Sisian, Goris, Kapan da Meghri.

Mai zuwa daga Yerevan yana shiga ne ta mashigin Vorotan, a tsayin mita 2,344, inda aka kafa wasu ginshiƙan dutse biyu da ake kira ƙofar Zangezur. Abin da zai fara gani fili ne na kan tudu, babu bishiyoyi, sai ciyawa da iska mai sanyi da baƙaƙen duwatsun aman wuta. Wannan ita ce ƙasar Sisian. Garin kansa yana kan mita 1,600, mutanensa kusan 15,000 a ƙidayar 2011. Noman wurin alkama ne da sha'ir da dankalin turawa, sai kiwon shanu da tumaki. Da zafi ya shigo makiyaya kan hau da dabbobi can saman tsauni su yada zango, su sauko kafin ƙanƙara ta rufe. A wajen garin akwai Zorats Karer, wanda wasu ke kira Karahunj: duwatsu fiye da 200 a tsattsaye, kusan 80 daga ciki an huda musu rami kusa da kai. Wani masanin kimiyya ɗan Armeniya, Paris Herouni, ya yaɗa ra'ayin cewa wurin duban taurari ne mai shekara 7,500, kuma masu yawon buɗe ido sun rungumi wannan labari. Masu binciken kayan tarihi da suka tona wurin kuwa kaburbura suka samu, na tun zamanin tagulla zuwa zamanin ƙarfe. Maganarsu ta fi nauyi, domin abin da ƙasa ta fitar suka dogara a kai. Can sama kuma, a Ughtasar, sama da mita 3,000, akwai zane-zanen awakin dutse da mafarauta da aka sassaƙa a jikin duwatsu. Ba a iya zuwa sai a tsakiyar lokacin zafi, da mota mai jan ƙafa huɗu, don sauran watanni ƙanƙara ce ke kwance.

A wannan ɓangaren ne ake cin moriyar kogin Vorotan. An tare shi a madatsar Spandaryan, ana tura ruwan ta ramukan da aka haƙa cikin dutse zuwa tashoshin lantarki uku da ke jere ɗaya ƙasa da ɗaya: Spandaryan mai megawat 76, Shamb mai 171, da Tatev mai 157. Jimilla megawat 404. Dabarar ita ce ruwa ɗaya ya juya inji sau uku yana gangarowa, domin ƙarfin irin wannan tasha daga tsawon faɗuwar ruwa yake zuwa fiye da yawansa. A 2015 aka sayar da tashoshin ga kamfanin ContourGlobal. Akwai kuma wani rami mai kusan kilomita 22 da aka haƙa don ɗebe wani kaso na ruwan Vorotan zuwa kogin Arpa, daga nan a tura shi tafkin Sevan da ya ja baya sosai a ƙarni na 20. Illar wannan tsari a bayyane take: a wasu sassa kogin na asali kan ragu ya zama ɗan rafi, saboda yawancin ruwan yana cikin bututu a ƙarƙashin dutse.

Ɗaki na biyu shi ne Goris, kimanin kilomita 240 daga Yerevan, a tsayin mita 1,370, mutane kusan 20,000. Nan ƙasa ta fi laima, hazo kan sauka ya rufe kwari, kuma duwatsun gefen garin masu laushi ne, tsofaffin tokar aman wuta da ta daskare, ruwa da iska suka sassaƙe su suka zama dogayen tsinkaye kamar rumbuna masu tsini. Irin wannan dutse ana iya haƙa shi da gatari da dundurusu. Shi ya sa mutanen yankin suka daɗe suna zama a cikin kogo. Sabon garin Goris a 1870 aka zana shi, a zamanin mulkin Rasha, da tituna miƙaƙƙu masu gicciye da juna da gidajen dutse masu hawa biyu da barandar katako. Tsohon garin yana hayin rafi, cikin kogunan dutse.

Khndzoresk, ƙauyen da ke gabas da Goris, shi ne ya fi nuna yadda wannan zama yake. An haƙa ɗakunan ne a jikin bangon kwazazzabo, hawa bisa hawa. Mai gida kan fara da kogo, in iyali ya ƙaru ya ƙara haƙa ciki, in hali ya samu ya gina ɗaki da dutse a bakin kogon, har rufin na ƙasa ya zama tsakar gidan na sama. Dabbobi a hawan ƙasa, hatsi a wani ɗan rami can sama inda sai da igiya ko tsani ake kaiwa. A tsakiyar ɗaki akwai tonir, tanderun ƙasa da ake gasa gurasa a jikinsa, shi ne kuma ke ɗumama ɗakin. Amfanin kogo shi ne zafin cikinsa ba ya sauyawa sosai tsakanin hunturu da bazara, kuma maharan da ke kan doki ba su da yadda za su yi da shi. Aibinsa laima ce, da hayaƙi, da rufin da kan ɓantare in ruwa ya daɗe yana tsatsafowa. Mutane sun ci gaba da zama a ciki har shekarun 1950, lokacin da aka kwashe su zuwa sabon ƙauye a kan tudu. A 2012 aka rataya wata gadar ƙarfe mai lilo, tsawonta mita 160, a kan kwazazzabon.

Kudu da Goris, a bakin wani gangare da ya faɗa kai tsaye cikin kwazazzabon Vorotan, akwai Tatev, gidan sufayen Kirista da ya zama zuciyar lardin tsawon ƙarnoni. Armeniyawa Kiristoci ne masu cocinsu na kansu tun farkon ƙarni na 4, kuma Tatev ne mazaunin bishop ɗin Syunik. An gina babban cocinsa tsakanin 895 da 906. A harabarsa akwai wani ginshiƙi mai mita 8 da ake kira Gavazan, wanda aka ɗora a kan gindi ta yadda in ƙasa ta girgiza yakan karkata ya dawo daidai. Kada ka ɗauka wurin ibada ne kurum. Tatev yana da gonaki da matsar mai da ƙauyuka ɗaruruwa da ke biyansa haraji, har ta kai manoman Tsuraberd sun yi masa tawaye a ƙarni na 10. A ƙarshen ƙarni na 14 da farkon na 15 ya zama babbar makaranta, a ƙarƙashin Hovhan Vorotnetsi da almajirinsa Grigor Tatevatsi wanda ya rasu a 1409, ana koyar da falsafa da ilimin addini da kwafar littattafai da zane. Girgizar ƙasa ta 1931 ta rushe ƙubbar cocin, sai daga baya aka sake gina ta. Tun 2010 akwai motar igiya da ke tashi daga ƙauyen Halidzor ta ratsa sararin kwazazzabon, tsawon mita 5,752, cikin kimanin minti 12. Idan iska ta yi ƙarfi ana tsayar da ita.

Ɗaki na uku shi ne kwarin Voghji, inda Kapan take, babban birnin lardin, kimanin kilomita 320 daga Yerevan. Tana kan mita 900 ko ƙasa da haka, mutanenta kusan 43,000 a 2011. Kwarin matsattse ne, shi ya sa garin ya miƙe a tsaye bisa bakin kogi, dogayen benayen Sobiyet suna hawa gangare. Nan ne ƙasar dazuzzuka. A kudu da garin akwai gandun Shikahogh da aka keɓe tun 1958, kuma a kwarin Tsav akwai wani kurmin manyan bishiyoyin da Armeniyawa ke kira sosi, waɗanda suka fito da kansu a bakin rafi. Damisar Kaukasus, wadda ta kusa ƙarewa, har yanzu kyamarorin da ake kafawa a daji suna kama ta a tsaunukan kudancin lardin, tare da awakin dutse da tumakin daji da take farauta.

Arzikin wannan kwari jan ƙarfe ne. Tun ƙarni na 19 ake haƙarsa a Kapan. A farkon shekarun 1950 aka buɗe babban kamfanin haƙar jan ƙarfe da molibdinam a Kajaran, kilomita 25 sama da Kapan, a tsayin kusan mita 2,000, wanda har yau yana sahun gaba cikin masu biyan haraji a Armeniya. Molibdinam wani ma'adini ne da ake zubawa a ƙarfe don ya jure zafi da tsatsa. Yadda aikin yake shi ne: ana fasa dutse da nakiya a buɗaɗɗen rami, manyan tifofi su kai shi injin murƙushewa, a niƙa shi da ruwa har ya yi laushi kamar gari, sannan a zuba shi a tankuna tare da sinadarai a busa iska. Ƙwayoyin ma'adinin sai su manne da kumfa su taso sama a kwashe, sauran ya nutse. Jan ƙarfen da ke cikin tan guda na dutse bai kai kilo 5 ba. Kenan kusan duk abin da aka haƙo laka ce ta zubarwa, miliyoyin tan a kowace shekara. Ana tura wannan laka ta bututu zuwa wata babbar madatsa a Artsvanik, kusa da Kapan. Matsaloli biyu ne ke biyo baya. Bututun kan fashe, lakar ta shiga kogi, kuma ruwan Voghji gurɓatacce ne da ƙarafa, abin da Azarbaijan, wadda ke kiran kogin Okhchuchay, take ƙorafi a kai. Ta biyu ta fi tayar da hankali: madatsar laka a ƙasar da ke girgiza. Laka mai jiƙe da ruwa in aka girgiza ta takan narke ta kwarara, kuma yankin ya sha girgiza a 1931 da 1968. Duk mai son Syunik ya kamata ya fi damuwa da ingancin wannan bango fiye da yawan tan da ake fitarwa.

Daga Kajaran hanya kan hau mashigin Meghri, mita 2,535, wuri mafi tsayi a duk tafiyar, sannan ta gangara ɗaki na huɗu. Cikin abin da bai kai sa'a biyu ba mutum ya bar ƙanƙara ya iso inda rumman da ɓaure da inabi suke nuna. Meghri tana kan mita 600 da ɗoriya, mutanenta ba su kai 5,000 ba, duwatsun kewayenta tsirara ne jajaye, kuma a nan aka taɓa auna zafi digiri 43.7 a 2011. Ruwan sama kaɗan ne, don haka lambunan duk na ban-ruwa ne, a kan matakalar da aka tare da bangon dutse. Da kaka za ka ga 'ya'yan itace an feɗe an rataye a igiya a baranda suna bushewa. Ƙasa kaɗan akwai Agarak, wani garin ma'adini, da gadar da ke haye Aras zuwa Norduz ta Iran. Ita kaɗai ce mashigar ƙasa tsakanin ƙasashen biyu. Bututun iskar gas daga Iran, wanda aka buɗe a 2007, shi ma ta nan ya shigo.

Tarihin lardin ya bi wannan siffa sau da ƙafa. Syunik ɗaya ne daga larduna 15 na tsohuwar Armeniya, kuma gidan sarautarsa, Syuni, ya daɗe yana cin gashin kansa, yana mu'amala da Farisa ba tare da jiran kowa ba. A 987 yariman yankin, Smbat, ya naɗa kansa sarki. Wannan masarauta ta rayu har 1170, fiye da ƙarni guda bayan faɗuwar Ani, babban birnin Armeniya na lokacin. A 1170 ɗin ne Turkawan Saljuƙawa suka ci ganuwar Baghaberd da ke tsakanin Kapan da Kajaran, kuma masanin tarihi Stepanos Orbelian, wanda ya yi rubutu a ƙarshen ƙarni na 13, ya ce littattafan hannu fiye da 10,000 aka hallaka. Danginsa na Orbelian suka riƙe yankin a zamanin Mangol, ta hanyar biyayya da biyan haraji, abin da ya ba makarantu da coci-coci damar bunƙasa lokacin da wasu wurare ke ƙonewa. Bayan su ƙananan sarakuna da ake kira melik suka ci gaba da riƙe kwaruruka a ƙarƙashin Farisa. Da daular Safawiyya ta Farisa ta raunana a 1722, wani jagoran yaƙi na Armeniyawa, Davit Bek, ya haɗa kansu ya yi tawaye, ya kuma tare rundunar Daular Usmaniyya a ganuwar Halidzor kusa da Kapan a 1727. Wannan Halidzor daban take da ƙauyen motar igiya. Ya rasu a 1728, magajinsa Mkhitar Sparapet kuma aka kashe shi a 1730, kabarinsa yana Khndzoresk. Abin da ke maimaituwa a duk waɗannan shi ne, rundunar da ta fi yawa ba ta iya baje ƙarfinta a kwazazzabon da mutum biyu ba sa jerawa.

Rasha ta karɓi yankin daga Farisa da yarjejeniyoyin 1813 da 1828. A 1868 aka kafa gundumar Zangezur, da hedikwata a Goris. A nan ne sunaye biyun suka samo bambancinsu, kuma ya kamata ka riƙe shi. Zangezur ta Rasha ta fi Syunik ta yau faɗi, domin ta haɗa da Lachin da Gubadli da Zangilan waɗanda yanzu suke Azarbaijan. Ƙidayar 1897 ta nuna masu harshen Turkanci na Azarbaijan, Musulmi, sun kai kusan kashi 52 cikin ɗari na wannan gunduma, Armeniyawa kusan 46, sai Kurdawa kaɗan. Musulmi sun fi yawa a gabas da ƙasan kwaruruka, da yawansu makiyaya ne da ke hawa tudu da zafi, amma suna da ƙauyuka da dama a cikin abin da yake Syunik a yau. Tsakanin 1918 da 1920, da daular Rasha ta wargaje, aka zubar da jini ƙwarai. Mayaƙan kwamandojin Armeniyawa, Andranik sannan Garegin Nzhdeh, sun rushe ƙauyukan Musulmi masu yawa a Zangezur, dubban mutane suka gudu. A daidai wannan lokaci an karkashe Armeniyawa a Agulis ta Nakhchivan a Disamban 1919 da Shusha a Maris 1920. Kowane ɓangare yana ba da rabin labarin da ya shafi mamatansa, kuma duk rabi biyun gaskiya ne. Nzhdeh ya ƙi miƙa wuya ga Rundunar Sobiyet, ya yi shelar Jamhuriyar Armeniya ta Tsaunuka a Tatev a Afrilun 1921, ya riƙe har Yuli kafin ya haye Iran. Armeniyawa suna ganin turjiyarsa ce ta sa yankin ya zauna a Armeniya ta Sobiyet, shi ya sa suke girmama shi duk da haɗin kan da ya yi da Jamus ta Hitler daga baya. Azarbaijanawan da suka rage a lardin sun fice a 1988 da 1989, lokacin da rikicin Karabakh, yankin da Armeniya da Azarbaijan suka yi ta jayayya a kansa, ya tashi, kamar yadda Armeniyawan Azarbaijan su ma suka fice.

Daga 1993 zuwa 2020 gundumomin da ke gabas da Syunik suna hannun Armeniyawa, don haka iyakar gabas ba ta da wani tasiri. Yaƙin kwana 44 na 2020 ya mayar da su hannun Azarbaijan, sai tsohon layin taswirar Sobiyet ya farka. Titin Goris zuwa Kapan, wanda shi ne babbar hanyar Iran, ya bayyana cewa kimanin kilomita 21 nasa yana ɓangaren Azarbaijan. A ƙauyen Shurnukh titin ne ya zama iyaka, gidajen hannu ɗaya suka faɗa wata ƙasa. A Satumban 2021 jami'an Azarbaijan suka fara karɓar kuɗi daga direbobin tirelolin Iran, a Nuwamba kuma suka kafa shingen kwastan, hanyar ta mutu ga Armeniyawa. Aka koma ta Tatev da Aghvani, tsohuwar hanyar ƙauye da aka yi gaggawar zuba wa kwalta. A Satumban 2023 kuma, da Azarbaijan ta karɓe Karabakh gaba ɗaya, Armeniyawa fiye da 100,000 suka kwararo ta ƙauyen Kornidzor na bakin iyaka zuwa Goris cikin kusan mako guda.

Ga direba, ma'anar wannan duka mai sauƙin faɗi ce, mai wuyar yi. Gangaren kwazazzabon Vorotan zuwa Tatev kwana ne a kan kwana, masu kaifin da doguwar tirela sai ta ci hannun mai zuwa kafin ta juya, in guda ta maƙale kuwa layi ya tsaya. A mashigin Meghri ana sauka kusan mita 1,900 a jere. Wanda ya dogara da taka birki kaɗai, birkin zai yi zafi ya daina kamawa tun bai kai rabi ba, shi ya sa ake sauka da ƙaramar giya, a bar inji ya riƙe motar, a riƙa tsayawa ana barin ƙafafun su huce. Daga Nuwamba zuwa Afrilu mashigan Vorotan da Meghri kan rufe saboda dusar ƙanƙara da guguwa, wani lokaci na sa'o'i, wani lokaci fiye da kwana. Ana bukatar tayar hunturu da sarƙa, da man dizal na sanyi, domin na zafi kan yi kauri ya toshe matata. Yankin Goris kuma hazo ne matsalarsa. Tafiyar Yerevan zuwa Meghri ba ta kai kilomita 400 ba, amma ƙaramar mota takan ci sa'a bakwai ko takwas. Maganin da gwamnati ta tsara shi ne sabon titi daga Sisian kai tsaye zuwa Kajaran, kimanin kilomita 60, da rami mai fiye da kilomita 8 a ƙarƙashin tsaunin Bargushat, sai wani sashe daga Kajaran zuwa Agarak da aka ba kamfanonin Iran kwangilarsa a 2023.

Yanzu sai batun da ya sa kake jin sunan a labarai. Wuri ɗaya tak ne a duk lardin da za a iya ratsawa daga gabas zuwa yamma ba tare da hawan katangar Zangezur ba, shi ne bakin kogin Aras. Sobiyet ta shimfiɗa layin dogo a nan, ta cikin ramuka da rumfunan kare faɗowar duwatsu, ya haɗa Baku, babban birnin Azarbaijan, da Nakhchivan da Yerevan. Ya daina aiki a farkon shekarun 1990, aka kuma kwashe ƙarafunsa, amma gurbinsa da tsohuwar tashar Meghri suna nan. Azarbaijan tana son wannan zirin, da take kira hanyar Zangezur, don ta isa Nakhchivan da Turkiyya ba tare da shinge ba. Armeniya ta ce ta yarda a wuce, amma a ƙarƙashin dokarta da kwastan nata. Iran ba ta son duk wani abin da zai yanke ta daga Armeniya, shi ya sa ta buɗe ƙaramin ofishin jakadanci a Kapan a Oktoban 2022. Yarjejeniyar tsagaita wuta ta Nuwamban 2020 ta ba masu tsaron iyaka na Rasha aikin sa ido a kan hanyar, amma ba a aiwatar da hakan ba. A ranar 8 ga Agusta 2025 firaministan Armeniya Nikol Pashinyan da shugaban Azarbaijan Ilham Aliyev suka sa hannu a wata sanarwa a fadar shugaban Amurka, wadda ta ba Amurka damar shiga aikin gina hanyar, aka sa mata sunan Donald Trump, tare da cewa ƙasar tana nan a ƙarƙashin ikon Armeniya. Ka lura da cewa wannan ziri na gabas zuwa yamma dole ya gicciye titin arewa zuwa kudu da bututun gas a daidai Meghri da Agarak. Wanda ke riƙe da wannan mahaɗa shi ke riƙe da ƙofar Armeniya ta kudu, kuma ƙasar da iyakokinta da Turkiyya da Azarbaijan suka shafe shekara 30 a rufe ƙofa biyu kawai take da su, Jojiya da wannan.

Abin da ba a cika faɗa a labaran ba shi ne yawan mutanen da ake wannan ja-in-ja a kansu. Ƙidayar 2011 ta samu mutum 141,771 a duk lardin, ta 2022 kuma kusan 114,000. Garuruwan ma'adini suna riƙe matasa saboda albashi, ƙauyuka kuwa suna zubewa. A ƙauyukan bakin iyaka irin su Tegh da Nerkin Hand, makiyaya da gonakin da aka saba amfani da su kafin 2020 yanzu suna hayin layi ko a gaban bindigar soja, saniyar da ta ɓata ta tsallaka sai an shiga tsakani kafin a dawo da ita, mutane da dama sun rage garkensu saboda babu inda za su yanko ciyawar hunturu. Dastakert, kusa da Sisian, wanda ya bunƙasa saboda ma'adini a zamanin Sobiyet har aka riƙa lissafa shi cikin biranen lardin, mutum 323 aka ƙirga a cikinsa a 2011.